Takalmin da Ya Sauko da Ƙadangare

A gindin dutsen nan da baƙi ke zuwa hawa, dab da ƙofar shiga, akwai wani benci mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ne. Mutumin da ke zama a kansa ba ya kallon fuskar kowa. In ka yi masa sallama, ƙafarka zai amsa wa. Zai bi takalminka da ido daga baki har dunduniya, ya girgiza kai kamar likitan da aka kawo wa maras lafiya a makare, ya ce, "Bawan Allah, wa ya tsane ka haka har ya sayar maka da wannan?"

Ƙadangare ake ce masa, kuma ba don kyau aka sa masa sunan ba. Shekara ashirin da shida ya yi yana ɗan jagora a dutsen, yana manne wa falalen dutsen da akuya ma sai ta tsaya ta yi shawara kafin ta taka. Yana saurayi itace yake yi a can sama. Wata rana wasu baƙi suka ɓata, suka ci karo da shi da ƙunshin itace a ka, ya sauko da su lafiya, suka cika masa hannu. Tun daga ranar ya jingine gatari. A dutsen ya samu abin aure, a dutsen ya samu rufin kwano, kuma dutsen ne ke kai 'ya'yansa huɗu makaranta. Ya san inda ruwa ke ɓuya da rani, ya san wane dutse ne ke motsi in an taka shi, kuma tun daga yadda baƙo ya rataya jaka yake gane ko zai yi amai a hanya.

Duk wannan da takalmin taya ya yi shi. Shekarun suka baje masa ƙafa kamar cebur, yatsun kowanne ya kama gabansa kamar 'yan'uwan da aka gama raba wa gado. Tafin ya yi kanta har ƙaya ke kauce masa. Ta hagun kuwa ta fi ta daman girma, tun shekarar da dutse ya gangaro mata ta karye, ta kuma warke yadda ta ga dama. Sau ɗaya ya taɓa sa takalmi sau-ciki, ranar ɗaurin aurensa, na aro, shi ma a hannu ya dawo da shi gida. Iliminsa na takalmi kalma ɗaya ne: ya matse. Takalmin taya in ya yi sako-sako a kan falalen dutse, sai dai a je a tattaro ka a ƙasa. Don haka kullum maɗaurinsa tamau yake, kuma shekara ashirin da shida wannan ilimin bai taɓa ba shi kunya ba.

Sai wata shekara wani ɗan jagora ya zame da silifa, ya ja baƙuwar da yake riƙe da hannunta, ta karye a ƙugu. Ba a yi sati ba ofishin da ke kula da dutsen ya manna takarda a ƙofa. 'Yan jagora talatin da ɗaya ne, bajon izinin aiki goma sha biyar za a bayar. Nan da sati uku za a yi gwaji: kowa ya hau ƙololuwa, a buga masa hatimi a hannu, ya sauko. Sha biyar na farko su ne masu bajo. A ƙasan takardar kuma aka ja layi biyu a ƙarƙashin sharaɗi guda: dole a hau kuma a sauko da takalmin hawan dutse, mai rufe ƙafa gaba ɗaya, mai kama idon sawu, mai haƙora a ƙasa. Wanda bai samu bajo ba, ko gorar ruwa ba zai ƙara ɗaukar wa baƙo ba.

Gudun bai dami Ƙadangare ba. Yana da shekara arba'in da tara, amma babu mutum biyar a cikinsu da za su riga shi sauka. Layin nan biyu ne suka tsaya masa a wuya. Ya koma gida da rana tsaka, abin da ba ya yi, ya tarar da matarsa tana shanya.

"Maman yara, an kashe mu."

"Wa ya rasu?"

"Ni. Jana'izar ce kawai aka ɗaga zuwa sati uku."

Ta saurare shi har ya gama, ta matse rigar da ke hannunta, ta dubi ƙafarsa kamar ranar ta fara ganinta. "To, Baban yara, wannan ai ba takalmi za a saya mata ba, ɗaki za a gina mata."

"Ina cikin wuta kina wasa?"

"In na yi kuka zai sayo takalmin?"

Washegari akuyar da take kiwo a bayan ɗaki, wadda take kira 'yar autarta, ta tafi kasuwa ba ta dawo ba. Ta damƙa masa abin da aka samu a ƙulle cikin ɗankwali, ta ce abu ɗaya take roƙo: kafin ya sayi komai ya je ya ga ƙanenta.

Ƙanen nata shumeka ne, furfura ta fara cin gemunsa, yana da rumfa a gefen ƙofar dutsen. Rabin aikinsa ɗinke takalman baƙi ne da suka yi hamma a hanya. Tsakaninsa da mijin yayarsa babu gaisuwa sai da tsokana.

"A'a, Yaya da kansa! Tayar ce ta yi faci?"

"Bakinka ne zai yi faci. Takalmi zan saya, yayarka ta ce in zo in ji surutunka."

Shumeka ya ajiye basilla, ya sa shi ya taka kwali, ya zagaye ƙafafun da biro. Ya daɗe yana kallon zanen. "Yaya, waɗannan ba uwarsu ɗaya ba. Ta hagun nan za ka yi wa sayayya, ta dama ta bi sahu. Kuma kada ka je da safe."

"Kasuwa da safe ake zuwa."

"Kasuwar tumatir ke nan. Ƙafa da safe maƙaryaciya ce, ta kwana ta huta ta tsuke. Ka bari sai ka hau ka sauko, ta kumbura ta nuna halinta, sannan ka kai ta shago da yamma. Ka tafi da safa mai kauri. In ka sa, ka tura ƙafar gaba, yatsa guda ya shiga bayan dunduniya. A gaba kuma a bar wa yatsu fili, faɗin babban yatsan hannu."

"Fili? Gona za su yi a ciki?"

"Saukowa za su yi. Hawa ba ya kashe yatsa, gangara ce ke kashe shi. Ka nemi tudu ko matakala ka gangara da shi kafin ka biya. In ya taɓa yatsa, ajiye musu kayansu. Sannan daga ranar da ka saya kada ka cire shi. Kasuwa da shi, banɗaki da shi, har ya san ka ka san shi."

Ƙadangare ya yi dariya har da tafi. "Ji mutumin da bai taɓa wuce ƙofar nan ba yana koya mini dutse! Takalmin da ke da fili ai shi ke jefar da mutum."

"Na taya ke nan, Yaya. Wannan wata dabba ce daban."

"Na ji. Gaishe da basilla."

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne kunya. Shago ne mai gilashi da tayil, irin wanda yake wucewa ta gabansa bai taɓa shiga ba. Yaya za a yi ya shiga da yamma, jiki duk gumi, ƙafa duk ƙasa, ya miƙa wa ɗan mutane? Don haka washegari ya yi wanka da sassafe, ya goge ƙafar da dutsen goge kaushi har ta yi haske, ya shafa mata mai, ya sa rigar da yake zuwa ɗaurin aure da ita. Safa kuwa bai da ita, ya ce a ransa ai tsumma ne, me zai ƙara?

Mai shagon ya tarbe shi da "Alhaji, bismillah," abin da ya sa nan take ya ji ya ƙara tsawo. Takalman suna jere a kan katako, kowanne ƙafa ɗaya, ta dama. 'Yan'uwansu na hagu suna can cikin sito a kwalaye, don kada wani ya sa biyu ya nemi ƙofa. Wannan bai dami Ƙadangare ba ko kaɗan. Mutumin kirki ai da dama yake fara sa takalmi. Ya yi bismillah ya miƙa ta dama.

Na farko ya shiga sumul, yatsu suna motsi a ciki. Ya cire da sauri. "Wannan kwalekwale ne. Kawo ƙaninsa."

Ƙanin ya shiga da ɗan turawa. Ruwan ƙasa ne, fatar tana ƙyalli, igiyarsa ja, haƙoran ƙasansa kamar na tayar babbar mota. Ya ɗaure tamau, ya miƙe a kan tayil mai santsi, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa. Ya ji ya kama shi ta ko'ina, gaba da baya, babu inda iska za ta ratsa.

"Ya ɗan taɓa yatsa," ya ce.

"Sabo ne, Alhaji, zai saki. Kai ka ga yadda ya zauna? Kamar a ƙafarka aka haife shi."

Aka ɗauko na hagun daga sito, aka haɗa su a kwali da takarda mai laushi. Mai shagon ya tambaya ko zai gwada ɗayan. Ƙadangare ya ce ba lamba ɗaya ba ce? To me za a gwada?

A gida yara suka taru kamar an kawo jariri. Ya bari kowa ya shafa sau ɗaya, sannan ya rufe kwalin ya ɗora a kan wadirof, ya ɗora akwati a kai.

Bayan kwana uku matarsa ta ce, "Baban yara, ƙanena bai ce ka riƙa sawa ba?"

"In sa ya tsufa kafin ranar? Akuya guda fa ke cikin kwalin nan. Ranar gwaji manya za su duba ƙafar kowa. So nake in sun zo kan tawa su ga fuskarsu a ciki."

Da Shumeka ya tambaya, sai ya ce masa a cikin gida yake sawa. Shumeka ya dubi tayar da ke ƙafarsa, ya ce, "Allah ya sa gidan yana da gangara."

A cikin 'yan jagoran akwai wani abokin Ƙadangare da ake kira Mai Tumbi, mutum mai nauyin jiki wanda baƙi tsofaffi ke so saboda ba ya sauri. Shi gwanjo ya je ya sayo wani tsohon takalmin but baƙi, mummuna, mai faɗin baki, ya cusa safa biyu. Sati ukun nan kullum da shi yake hawa, yana ɗingishi, yana manna filasta a dunduniya. Ƙadangare ya mai da shi abin nishaɗi. "Mai Tumbi, wane soja ne ya mutu ya bar maka gado? In an yi ruwa ka ɗauke mu a ciki mu haye!" Mai Tumbi sai ya yi murmushi ya ce, "Ka dai bari, mutumina."

Ranar gwaji da asuba aka sauko da kwalin. Matarsa ta sayo masa safa mai kauri, sabuwa. Ƙafar dama ta shiga takalmin da ƙyar, ya ji kamar an sa ta a matsi. Ta hagu ta kai rabi ta tsaya.

Ya tura. Ya buga dunduniya a ƙasa. Ya sassauta igiyar har ƙarshe, ya ja harshen takalmin, ya sake turawa. Gumi ya karyo masa tun rana ba ta fito ba.

"An canja mini! Wallahi an canja mini a sito!"

Matarsa ta juya takalman biyu ta duba. Lamba ɗaya ce. Ta cire masa safar hagun, ta ɗauko ledar burodi ta sa masa, ta durƙusa ta riƙe takalmin da hannu biyu. "Taka da ƙarfinka." Ya taka. Ƙafar ta faɗa ciki da wata ƙara, yatsun nan biyar da suka shekara ashirin ba su gaisa ba suka hau kan juna.

"Mu biya wajen ƙanena ya buɗa shi," ta ce.

"Ƙarfe bakwai ake tashi. Zai saki. Mai shagon ya ce zai saki."

A ƙofar dutsen an kafa tebur. Jami'ar da ofis ya turo tana zaune da takardu, agogo rataye a wuyanta, shi ya sa tun ranar ake ce mata Mai Agogo. Ta bi layi tana duba ƙafafu. Da ta zo kan na Ƙadangare ta ɗan tsaya. "Wannan ya yi kyau, Baba." Ya ji daɗi har ya manta da yatsunsa na daƙiƙa biyu. Shumeka, daga rumfarsa, ya hango fatar tana ƙyalli babu ko lanƙwasa ɗaya a jikinta. Ya dafe kai.

Aka busa usur.

Hawan bai yi muni ba. In mutum yana hawa, ƙafa baya take komawa, yatsu su ɗan samu numfashi. Dunduniya ce ta fara biyan kuɗin: fatar takalmin tauri gare ta kamar katako, tana goga, tana goga, har ya ji wani ɗumi ya sauka cikin ledar. Ya san bororo ne ya fashe. Bai tsaya ba. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ba ya jin dutsen. Shekara ashirin da shida tafin ƙafarsa ke gaya masa inda zai taka, yau an toshe wa ƙafar kunne. Duk da haka ya san hanyar kamar tsakar gidansa. Ya yanke ta bayan ƙaton dutsen da ke da tsaguwa, ya fito gaban samari. Da aka buga masa hatimi a ƙololuwa, shi ne na shida.

Rana ta ɗaga. Awa biyu da rabi na hawa sun sa ƙafar ta kumbura, daidai yadda aka gaya masa. Ya juya ya fuskanci gangara, ya yi taku ɗaya.

Ihun da ya yi sai da mai hatimin ya miƙe. Duk nauyin jikinsa ya tafi kan yatsu, yatsun suka daki bakin takalmin, bakin kuwa an ƙarfafa shi don kada dutse ya fasa. Kamar mutum ya sa farcensa a ƙofa, wani ya rufe, ya buɗe, ya sake rufewa, kuma saura taku dubu nawa. Ya gwada tafiya a karkace kamar ƙaguwa. Ya gwada da baya da baya, yana rarrafe da hannu. Ya zauna ya ja gindi a kan fala, shi Ƙadangare, a dutsen da yara ke nuna shi da yatsa.

Na bakwai ya wuce shi. Na takwas ya ce, "Baba, lafiya?" bai jira amsa ba. Ya zama na tara, na goma sha ɗaya, na goma sha uku. Kowace ƙarar takalmi a bayansa kamar ana cire kwano ɗaya daga rufin ɗakinsa. Ya tuna igiyar akuya da ke ɗaure a turke babu akuya. Ya tuna babbar 'yarsa da saura mata shekara ɗaya ta gama sakandare. Me zai koma yi? Itace? An hana sara a dutsen tun tuni. Dako? Da wane baya?

Ya kama igiyar takalmin zai kwance. In ya cire, ko ba takalmi zai riga su duka. Sai ya hango ɗaya daga cikin ma'aikatan da aka jera a hanya, riƙe da littafi, yana kallonsa. Wanda ya cire takalmi ya fita, haka aka faɗa da safe. Ya saki igiyar.

Wasu suka sake wuce shi. Ya zama na sha bakwai. Can sama ya hango wani baƙin abu yana gangarowa a hankali, ba sauri ba tsayawa: Mai Tumbi ne da kwalekwalensa.

"Ya Allah," Ƙadangare ya ce, "ba don ni ba, don yaran nan."

Ya laluba aljihu ya ji 'yar wuƙar da yake ɓare wa baƙi lemo da ita. Ya dubi takalmin. Har yanzu yana ƙyalli. Ya ce masa, "Ko ni ko kai." Ya soka wuƙar a bakin na hagu, ya yi ta yanka yana haki, fatar tana gardama, har murfin ya fita. Yatsun suka fito waje cikin yagaggiyar leda, farce biyu sun yi baƙi, jini ya cika tsakaninsu. Iska ta taɓa su. Ya yanke na dama shi ma har da safar. Ya ɗauki guntayen fatar biyu ya sa a aljihu, don ko a wannan halin bai iya zubar da akuyar matarsa a daji ba.

Waɗanda suka ga saukowar nan har yau suna ba da labarinta. Ya bar hanya ya bi fala tsagwaronta, inda ba mai bi, yana tsalle daga dutse zuwa dutse, yana barin ɗigon jini a kowanne. Ya wuce na sha shida, ya wuce na sha biyar. A kwanar ƙarshe ya sha gaban wani saurayi da ya tsaya shan ruwa. Ya faɗo kan teburin Mai Agogo da hannu biyu.

"Na goma sha huɗu," ta ce, ta rubuta. 'Yan kallo suka ɗauki tafi. Matarsa, wadda ta bar girki ta zo, ta rufe fuska da mayafi.

Sai Mai Agogo ta zagayo don duba ƙafa.

Ta daɗe tana kallon yatsu goma a waje. "Baba, takalmin nan rufaffe ne?"

"Da safe rufaffe ne, ranki ya daɗe. Ke da kanki kika yaba."

"Na yaba. Yanzu nake tambaya."

Ya zaro guntayen fatar daga aljihu, ya sunkuya ya ɗora kowanne a kan yatsunsa, ya daidaita su da hannu. "Ga murfin nan. Ba abin da ya ɓata. Duk yana nan." Na hagun ya zame ya faɗi ƙasa. Wani ya fara dariya, ya haɗiye ta.

Shumeka ya kutso da basilla da zare. "Hajiya, minti goma. In ɗinke shi a gabanki, ko ruwa ba zai shiga ba."

"Abin da ya sauko da shi nake dubawa, ba abin da za a ɗinka ba."

Ƙadangare ya durƙusa. Mutumin da bai taɓa durƙusa wa dutse ba. "Ranki ya daɗe, ki dubi girman Allah. Shekara ashirin da shida ban taɓa yar da baƙo ba. Ki tambayi kowa a nan. Ban cire ba, an ce kada a cire, ban cire ba. 'Ya'ya huɗu gare ni. Ban iya komai ba sai dutsen nan."

"Tashi, Baba, don Allah tashi, ka girme ni." Muryarta ta yi ƙasa. "Na san ko kai waye. Amma ni na raka baƙuwar nan da ta karye asibiti, har yau da sanda take tafiya. In na sa hannu a kan yatsu a waje, gobe kowa ya yanke nasa, mun koma silifa. Ba zan iya ba."

Ta ja layi a kan sunansa. Kowa ya matsa gaba da ɗaya. Wanda ya zo na sha shida ya zama na sha biyar, kuma ba kowa ba ne sai Mai Tumbi, wanda ya wuce mutum biyu a gangara ba tare da ya canja taku ba. Ya karɓi bajon kamar an miƙa masa garwashi. Ya zo ya tsaya kusa da abokinsa, bajon a hannu.

"Rataya abinka," Ƙadangare ya ce, bai ɗago ba. "Sojan nan ya yi maka gado mai albarka."

Farce huɗu ne suka faɗi. Wata biyu yana gida, yana zaune a ƙofar ɗaki da ƙafa cikin roba da ruwan gishiri. Ya jira matarsa ta ambaci akuya ko sau ɗaya, don ya samu abin yin faɗa a kai. Ba ta ambata ba. Ta ƙara karɓar wankau, babbar 'yar ta fara rakiyar ƙannenta makaranta a ƙafa maimakon mota. Ya nemi gadi a wurare uku, aka ce ana son mai takarda. Ya yi dakon siminti kwana huɗu, bayansa ya ce bai san zancen ba.

Ran nan Shumeka ya shigo da leda a hannu, ya juye a gabansa. Takalmin ne. Ya yi masa sabon baki da baƙar fata, mai faɗi, na hagun ya fi na daman girma ƙiri-ƙiri. Ruwan ƙasa a baya, baƙi a gaba, kamar kare ya tsoma baki a tukunya.

"Ka zo ka yi mini dariya ne?"

"Dariyar ai na gama ta tun a rumfa, Yaya. Sa mu gani. Yamma ce, ga safa. Hagu za ka fara."

Ya sa. Shumeka ya danna babban yatsansa a bakin takalmin, fatar ta lotsa ba ta taɓa komai ba. Ƙadangare ya motsa yatsunsa a ciki, ya kau da kai gefe ya daɗe bai juyo ba.

"Akwai benci a gefen rumfata," Shumeka ya ce. "Ni in na gaya wa baƙi takalminsu zai cuce su, sai su ce ciniki nake nema. Kai kuwa kana da shaida a ƙafa."

Haka ya koma gindin dutsen. Baƙo in ya zo, Ƙadangare zai tare shi, ya danna masa bakin takalmi, ya sa shi ya gangara ɗan tudun da ke gefen ƙofa. "Ya taɓa? Kada ka yi mini ƙarya, ni na riga ka yin wannan ƙaryar. Yaushe ka saya? Jiya? Inna lillahi." In mai taurin kai ne, sai ya kwance nasa takalmin ya nuna masa yatsun. Ba a cika gardama bayan nan ba. Wasu ya tura su rumfar Shumeka a buɗa musu ko a canja igiya, wasu ya koya musu ɗaurin da ke riƙe dunduniya kada ƙafa ta zame gaba. In sun sauko da farcensu goma, sukan tuna da shi. Wasu ranakun babu mai tunawa. Abin da ake samu bai kai rabin na da ba, kuma ya sani, matarsa ma ta sani.

Takardar ofishin ta ce za a sake gwaji bayan shekara biyu. Yanzu ana cikin ta uku. Kullum da safe, kafin ya zauna, sai ya je ya duba allon ƙofa ko an manna sabuwa. In Mai Agogo ta zo zagaye yakan miƙe ya gaishe ta, ya ce, "Ranki ya daɗe, yaushe?" Ita kuma ta ce, "Ba a ce ba tukuna, Baba." Shekararsa hamsin da biyu. Gwiwar dama ta fara yi masa magana in hadari ya haɗu, bai gaya wa kowa ba.

Takalmin dai ba ya cire shi. Kasuwa da shi, ɗaurin aure da shi, sau biyu Shumeka yana canja ƙasansa. Duk dutsen babu takalmin da ya san ƙafar mai shi kamarsa. Da la'asar, in baƙi sun ragu, sai ya tashi daga bencin ya hau ɗan tudun gefen ƙofa, taku arba'in, ya juyo ya gangaro da gudu, ya sake hawa. Mai Tumbi, in ya sauko da baƙinsa, yakan tsaya ya ƙirga masa.

"Goma sha tara, mutumina. Ya isa haka."

"Kai dai ƙirga," Ƙadangare zai ce yana haki, ya juya ya sake fuskantar tudun.